Wasan Macijin Nokia



Yau maganarmu a kan wasan maciji ce, macijin nan na wayar Nokia 3310. Kun tuna shi?

Layin GSM ya shigo Najeriya a 2001. Lokacin waya sai manya. Mu yara sai roƙo: "Yaya, don Allah ara mana."

Maciji yana ci, yana tsawo. Yana ci, yana tsawo. Ka danna biyu ya yi sama, ka danna takwas ya yi ƙasa. Da ya ciji jikinsa wasa ya ƙare, sai na kusa da kai ya karɓa.

Waya ɗaya, kawunanmu duka a kanta. Wannan haɗuwar nake kewa.

Iyaye, in yaranku na buga gem, ku matso kusa ku buga tare.