Na'ura Ta Shiga Aikin Akawu: Ina Makomar Ɗan Arewa A Kurmi?

Jawabin da ƙaramin editan wannan shafi ya yi a wani taron 'yan Arewa mazauna Ikko, a unguwar Agege.



Da aka aiko mini in zo in yi magana a kan abin nan da ake kira ƙirƙirarriyar basira, sai da na yi jim, domin ni ba injiniya ba ne, karatuna bai wuce sakandare ba. Amma da na sake tunani sai na ga ba a yi kuskure ba, don kuwa duk zauren nan babu wanda abin ya fi kusantar tukunyarsa kamar ni. Aikina shi ne in karɓi labarin da wakili ya aiko, in gyara shi, in juya shi daga Turanci zuwa Hausa, in sa masa kai. To, waɗannan ayyuka duka, yau akwai na'urar da ke yin su kafin in gama kurɓar shayi.

Ba aljani ba ne, kuma ba ta da hankali irin na ɗan Adam. Abin da masu ƙera ta suka yi shi ne, sun tara rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa, littattafai da jaridu da abin da jama'a ke rubutawa a intanet, suka ɗura wa kwamfuta, har ta gane wace kalma ce ta saba bin wace kalma. In ka tambaye ta, sai ta jero maka amsa bisa ga abin da ta ga mutane sun saba faɗa. Tun 2013 kamfanin Google ya sa Hausa cikin harsunan da manhajarsa ke fassarawa, amma abin bai girgiza duniya ba sai ranar 30 ga Nuwamba 2022, da wani kamfanin Amurka mai suna OpenAI ya fito da ChatGPT, wadda ke rubuta wasiƙa, ta yi lissafi, ta tsara takardar neman aiki.

Na gwada irin waɗannan na'urori a kan aikina. Wata rana na ba ɗaya labarin manoma da ke kukan fari ya cinye musu gero, na ce ta mayar da shi Turanci. Sai ta ɗauki fari na rashin ruwa ta mayar da shi farin launi. Na yi dariya har abokan aiki suka waiwayo. Amma dariyar ba ta daɗe ba, domin sauran labarin ta yi shi daidai, kuma na lura kurakuranta na bana ba su kai na bara ba. Mai jarida ba zai ce na'ura ta ƙware ya kore mu duka ba. Abin da zai ce shi ne, aikin da mutum uku ke yi, yanzu mutum ɗaya ya duba abin da na'ura ta yi ya isa. Sauran biyun fa?

Dattawan da na tarar a wannan sana'a sun ba ni labarin masu jera baƙaƙen dalma a maɗaba'a, mutanen da a da jarida ba ta fita sai da su. Kwamfuta ta zo ta share sana'ar kakaf. A Ingila ma, cikin 1986, da mai jaridar Times ya ƙaura da aikin ɗab'insa zuwa sabuwar maɗaba'a a unguwar Wapping ta birnin Landan, ma'aikata fiye da 5,000 suka rasa aikinsu, aka shekara ana zanga-zanga, ba a mayar da su ba. Ku kuma kun ga naku da idonku. Ina masu keken rubutu da ke zama a bakin gidan waya da bakin kotu suna buga wa mutane wasiƙa? Ina masu lema da tebur da ake biya a buga waya a wurinsu bayan zuwan wayar salula a 2001?

Cikin Janairun 2024 Asusun Ba Da Lamuni Na Duniya ya fitar da ƙiyasi cewa wannan fasaha za ta taɓa kusan kashi 40 cikin 100 na ayyukan duniya. A ƙasashe masu arziki ya ce abin zai kai kashi 60, a matalautan ƙasashe kuwa kashi 26. Kada wani ya ji haka ya ce mun tsira. Dalilin da ya sa namu kason ya yi ƙasa shi ne yawancinmu ba aikin alƙalami muke yi ba. Na'urar nan ba ta iya sauke buhun albasa a Mile 12, ba ta iya kora shanu a abbatuwa, ba ta gasa tsire, ba ta ɗinka takalmi. Wanda ta fara nema shi ne akawu, da sakatare, da mai fassara, da mai amsa waya a banki.

A nan ne abin ya dame ni, iyayena. Mu da muka baro gida muka zo Kurmi, me muke gaya wa 'ya'yanmu? Cewa muke yi, ni na yi dako, na yi gadi, na sha rana, kai ka yi boko ka zauna a ofis. To, ƙofar ofis ɗin da muke nuna musu ita ce ke ƙara ƙunci. Yaro zai gama sakandare, ya je neman ƙaramin aikin da a da ake fara koyon aiki da shi, ya tarar an ba na'ura. Shi ma gadin ba a bar shi lafiya ba: gidan da ke ɗaukar mutum uku, yanzu ya kafa kyamara ya bar ɗaya.

Sai dai kada mu ɗora wa na'ura laifin da ba nata ba. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957, da sauran masaƙun Kakuri da na Kano, waɗanda suka ciyar da dubban gidaje, ba basirar kwamfuta ce ta rufe su ba. Rashin wutar lantarki ne, da tsadar man injin, da atamfar fasa-ƙwauri. Da yawa cikin waɗanda ke zaune a nan, rufe masaƙun ne ya turo iyayensu ko su kansu Kudu. Haka nan da gwamnatin Jihar Legas ta hana acaba a manyan yankuna cikin 2020, ta kuma tsananta dokar a Yunin 2022, alƙalami ne ya raba dubban matasanmu da abincinsu dare ɗaya. Abin da waɗannan suka koya mini shi ne, mai sana'a ɗaya tak, wadda ba ya iya juya ta, kowace iska tana iya kayar da shi, ta na'ura ce ko ta hukuma.

Kakanninmu sun taɓa gamuwa da irin wannan. Kafin jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, goro a kan jakuna yake tahowa daga Gwanja, ayari ya yi watanni a hanya. Jirgi ya zo, aikin madugu da na jagaba ya mutu. Amma fatauci bai mutu ba. Alhaji Alhassan Ɗantata ya riƙa ɗora goronsa a jirgin ruwa daga Akara zuwa nan Ikko. Wasu suka kafa zango a bakin hanyar dogo, irin Sabo ta Badun da aka kafa a 1916, suka riƙe cinikin goro da na shanu tsakanin Kudu da Arewa. Ba su ne suka ƙera jirgin ba, amma sun riga wasu gane inda zai bi, kuma suna da abin da jirgi ba ya ɗaukowa, wato amana tsakanin maigida da dillali da baƙo, da labarin farashi da ke yawo a tsakaninsu.

Wannan yawon labari shi ne yau ya koma cikin waya. Ku je kasuwar kwamfuta ta Ikeja ku ga yaranmu masu gyaran waya. In wata sabuwar waya ta gagari ɗaya, sai ya ɗauki hotonta ya jefa a rukuninsu na WhatsApp, kafin la'asar wani daga Kano ko Fatakwal ya aiko masa da murya yana gaya masa inda zai taɓa. Masu haɗa wutar sola haka suke yi, teloli ma haka, suna kallon yanka a YouTube. Babu kuɗin makaranta, kuma wanda bai iya karatu sosai ba yana iya sauraro. Har a kan ita kanta ƙirƙirarriyar basirar, akwai wata ƙungiyar matasan Afirka mai suna Masakhane, da aka fara a 2019, waɗanda ta intanet suke haɗuwa suna koya wa juna yadda za a sa na'ura ta iya harsunanmu, kuma akwai Hausawa a ciki.

Amma fa makarantar waya ba ta da maigida. Wanda ya koyi sana'a a gaban ubangidansa, in ya yi kuskure akwai mai dungure masa kai. A waya, da gwani da maƙaryaci duk murya ɗaya gare su. Ta nan aka bi aka yaudari mutane da MMM, har ta rufe da kuɗinsu a Disambar 2016, kuma har gobe akwai masu tallar cewa ka biya kaza su koya maka yadda na'ura za ta riƙa haƙo maka dala kana barci. Ita ma na'urar takan shara ƙarya ba tare da ta ƙifta ido ba. Aikin da ake samu ta wannan hanya kuma ba duka ne na alheri ba: mujallar Time ta Amurka ta bayyana a Janairun 2023 cewa ma'aikatan Kenya da aka sa su tace munanan rubuce-rubuce don gyara ChatGPT, abin da ake biyansu bai kai dala 2 a awa ba.

Saboda haka roƙona ga shugabanninmu ƙarami ne, ba ya bukatar a jira gwamnati, ko da yake ta fara shirin horar da matasa miliyan 3 kan fasaha a 2023, kuma ya kamata a bincika yaranmu nawa suka cika takardar. Kowane zango yana da asusu, ana tara kuɗin jana'iza da na belin wanda aka kama. A ware wani abu daga ciki a sayi data, a sami ɗaki ɗaya mai wutar sola, a zaɓi mutum biyu ko uku da aka yarda da sana'arsu da amanarsu, su zauna da yara daren Asabar da Lahadi. Abin da yaro ya kalla a waya ya zo ya yi shi da hannu a gabansu. 'Yan mata ma a ba su nasu lokaci, domin wannan karatu ne da ake iya yi daga cikin gida.

Ni abin da na iya shi ne rubutu. Na ɗauki alkawarin daren Lahadi, daga bayan isha'i, in koya wa duk mai so yadda ake sa na'urar nan ta rubuta wasiƙar kasuwanci ko takardar neman aiki, da yadda ake kama ta in ta yi ƙarya. Takardar sa suna tana hannun sakataren taro, a bakin ƙofa.