In keke ya kada mutum, mi za a yi?

Wannan hira an yi ta ne domin ɗaliban yaƙi da jahilci. Malami ya karanta ta a hankali, a tattauna.

 

Yau hirarmu kan keke take. Ba gida ɗaya ba ne ke da shi cikin garinmu. Da shi ake kai hatsi kasuwa, da shi ake ɗauko ruwa, da shi yara ke zuwa lakwal. Kuma shi ke kada mu. Yashi ya riƙe ƙafar gaba, ko akuya ta gitta, ko kamyo ya matse mutum a bakin kwalta. Mai keke ya tashi, ya kakkaɓe riga, ya ce ba komi. To wannan "ba komi" ita nike so mu duba.

Mu fara da ciwon da ake gani. In jini na zuba, a samu tsumma mai tsabta a danne wurin da ƙarfi, minti 10, ba a ɗagawa a leƙa. In jini ya tsaya, a wanke da ruwa mai kyau da sabulu. A zuba ruwa da yawa, har tsakuwa da yashi su fita duka. Da zafi, gaskiya ne, amma a daure. Sannan a rufe da tsumma wankakke.

Kada a sa ƙasa. Kada a sa toka, ko kashin shanu, ko baƙin man mota, ko garin batir. Na san wasu za su ce haka iyayenmu sunka yi, kuma sun warke. Waɗanda sunka warke mun gan su. Waɗanda ba su warke ba, an ce iska ce ta taɓa su.

Ga dalili. Cikin ƙasa da kashin dabbobi akwai ƙwayar wata cuta da likita ke kira tetanos. Ido ba ya ganinta. Ta kan shiga ta ƙaramin rauni, ko da sukar wayar keke ce. Ba ta nunawa ranar. Sai bayan kwana 3 zuwa 21, sau da yawa bayan mako guda, lokacin da ciwon ya kusa rufewa. Mutum ya tashi baki ya ƙi buɗuwa, haƙora sun sarƙe, wuya ya sandare, baya ya lanƙwashe. In ta kai nan, jinyarta da wuya, kuma tana kisa ƙwarai. Amma allura na hana ta, in an yi da wuri.

Ku lura da wannan, ku maza. Mata masu ciki ana yi musu allurar tetanos wurin awo. Jarirai ma ana yi musu tun da anka fara babban shirin allurar yara a Nijar a 1987. Magidanci da anka haifa kafin nan, sau da yawa bai taɓa samunta ba. Wanda anka yi wa yana jariri kuma, ƙarfinta na raguwa da shekaru. Saboda haka a tafi gidan likita a ranar, da karnen allura in akwai shi. In ciwon ya buɗe baki yana son ɗunki, kada a kwana da shi.

Yanzu ciwon da ba a gani. Shi ya fi ba ni tsoro.

In kai ya bugu, mutum na iya tashi ya yi magana, har ya ci tuwo, alhali jini na taruwa cikin ƙoƙon kansa. Kada a bar shi shi kaɗai kwana biyu. In yana amai, ko barci ya yi masa nauyi, ko ya manta abin da ya faru, ko magana ta rikice, ko jini ko ruwa na fita ta kunne ko hanci, a kai shi babbar likita nan take, ko da tsakar dare ne. Kada a ba shi asfirin, tana ƙara zubar jini.

Haka ciki. Ƙarfen da ake riƙe keke da shi ya kan daki cikin yaro. A waje ba a ganin komi sai ɗan tabo. A ciki kuwa saifa ta fashe. Yaranmu da zazzaɓin sauro ya kumbura wa saifa, tasu ta fi saurin fashewa. In yaro ya kama ciki, jiki ya yi sanyi, yana zufa, yana roƙon ruwa, cikin idonsa ya yi fari, kada a ba shi ruwa ko fura. Wataƙila aiki za a yi masa. A nemi mota.

Wanda ke kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, kada a ciccibe shi hannu da ƙafa, kada a aza shi bayan kabu-kabu. A cire ƙyauren ɗaki, mutum huɗu su kwantar da shi a kai a miƙe, ɗaya na riƙe da kansa. A manyan garuruwa kamar Yamai da Maraɗi da Zinder da Tahoua, ana kiran ƴan kashe gobara a lamba 18.

Sai karaya. Ban zo in zagi maɗori ba, da yawa sun san aikinsu. Amma ɗori mai tsanani na tare jini, hannu ya ruɓe, har a yanke shi. Bayan ɗori a riƙa duba yatsu. In sun kumbura, sun yi sanyi, sun fara baƙi, ko yaro na kuka ba ya tsayawa, a sassauta a tafi likita. In ƙashi ya huda fata ya fito, wannan ba aikin maɗori ba ne sam.

In mota ce ta buge mai keke, nan karatunku zai yi amfani. Ku rubuta lambar motar, ko a bayan hannu ne, da rana, da wurin. A kira jandarma su zo su rubuta abin da ya faru. Doka ta tilasta wa mai mota ya yi inshora, kuma da takardar jandarma da ta likita ake neman hakki. Direba zai miƙo jika biyu ko uku ya ce a yafe. Kada ku karɓa ku sallame shi tun likita bai duba ba, kuɗin hoton ƙashi kaɗai na iya cinye su.

Kafin mu tashi, kowa ya ɗauko allonsa. Zan faɗi lambar mota sau ɗaya tak, kamar ta wuce a guje, ku rubuta.