Kotun Gwaji a Makarantun Sakandare da Kujerar Mai Kare Wanda Ake Tuhuma



Kongo ba baƙuwar maganar shari'a ba ce. A nan aka kafa makarantar horar da akawuna a 1947, wadda ta zama Makarantar Koyon Aikin Mulki a 1954, sa'an nan ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Da Jihar Arewa ta soma aiki da sabuwar dokar hukunta laifuffuka, watau Final Kod, a 1960, nan aka riƙa kawo alƙalai daga larduna ana koya musu yadda za su bi da ita. Ɗaliban fannin shari'a kuwa sun saba da kotun gwaji, inda ake ƙaga ƙara, a raba su gida biyu, su yi ta gardama gaban malami mai zaman alƙali. Abin dubawa yau shi ne yadda za a sauko da wannan horo zuwa makarantun sakandare irin su Barewa da Alhudahuda da Kufena, a kan laifuffukan da duniya ta ɗauka sun fi kowane nauyi: kisan ƙare dangi, da laifuffukan yaƙi, da cin zarafin bil Adama.

Wani zai ce wannan kaya ya fi ƙarfin ɗan shekara 16. Amma yaron da ya tashi yana jin labarin Chibok na 2014, da Ƙanƙara na 2020, da Kuriga na 2024, ba a ɓoye masa kome ba. Ya riga ya san laifin. Abin da bai gani ba shi ne yadda ake zama a tuhumi mutum a kansa bisa ƙa'ida. Ƙasarsa ma tana cikin wannan sha'ani tsundum: Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Rum a 2001, wadda ta kafa Kotun Duniya mai hukunta manyan laifuffuka a birnin Heg, ɗan Nijeriya Chile Eboe-Osuji ya shugabanci kotun daga 2018 zuwa 2021, kuma a Gamborun Ngala aka kama Charles Taylor na Laberiya a 2006.

Shirin zaman ba shi da wuya. Alƙalai uku, kamar yadda ake yi a Heg, da masu gabatar da ƙara, da masu kare wanda ake tuhuma, da wakilan waɗanda aka cuta, gama kotun Heg ta ba su bakin magana. Malami ya rubuta labarin ƙarar a shafi biyu, ya haɗa da sassan dokar da za a yi aiki da su. Kowane ɓangare ya sami minti goma, alƙalai kuma su katse shi da tambaya duk sa'ad da suka ga dama. A bar yaro ya yi magana da Hausa in ya fi jin ta, don hujja ake aunawa.

Inda aikin yake shi ne kujerar mai kariya. In aka bar wa yara zaɓi, kowa zai ruga wajen masu gabatar da ƙara, domin nan ne ake samun tafi. Saboda haka ƙuri'a za a jefa, in an gama zagaye na fari kuma a musanya wuri, wanda ya tuhuma ya koma ya kare. Lalle za a sami yaron da zai ce shi ba ya tsaya wa azzalumi. Kada malami ya tsawata masa, gama kyakkyawar zuciya ce ta sa shi faɗin haka. A ba shi labarin Nurembag, inda aka gurfanar da manyan 'yan Nazi 22 bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A 1946 aka yanke wa 12 hukuncin kisa, amma aka sallami uku. Ba don an tsaya musu ba, da ramuwar gayya kurum aka yi, aka sa mata rigar alƙali.

Ƙarar da ta fi dacewa a gina labari a kanta ita ce ta Dominic Ongwen na arewacin Yuganda. Yana yaro, wajen shekara tara, mayaƙan Joseph Kony suka sace shi a hanyar makaranta. Ya girma a daji, ya zama kwamanda, shi ma ya sa aka sace 'ya'yan wasu, aka afka wa sansanonin 'yan gudun hijira irin su Lukodi da Pajule. Ga ɗan sakandare wannan ba tatsuniya ba ce, don wanda ake tuhuma ɗan makaranta ne aka ɗauke. Mai kariya zai kafa hujja da sashe na 31 na Yarjejeniyar Rum, mai maganar tilas, ya ce wanda aka rena da tsoron mutuwa ba shi da zaɓi. Mai gabatar da ƙara zai amsa cewa sashe na 26 ya hana kotun taɓa wanda bai kai shekara 18 ba sa'ad da ya yi laifi, amma abin da ake tuhumar Ongwen da shi ya faru tsakanin 2002 da 2005, yana babban mutum mai ba da umurni, wasu kuma sun gudu daga dajin shi bai gudu ba. Wakilin waɗanda aka cuta, su fiye da 4,000 a ainihin shari'ar, zai tambaya ko ƙuruciyar Ongwen za ta mayar musu da matattunsu. Kotu ta same shi da laifi 61 a 2021, ta ɗaure shi shekara 25, ta kuwa yi la'akari da satar da aka yi masa wajen auna hukuncin. Kada a gaya wa yara wannan sai sun gama nasu.

Akwai hattara guda wadda ba a wasa da ita. Kada a ɗauko rikicin gida da sunayensa a kawo aji, ko na Zangon Kataf na 1992, ko abin da ya auku a nan Zariya a Disamban 2015. A aji guda ana iya samun ɗan wanda aka kashe da ɗan wanda ake zargi, suna zaune benci ɗaya. A ƙagi ƙasa, a ƙagi ƙabilu, a sāke sunaye, yadda ba wanda zai ji da gidansu ake. Maki kuma a ba da shi bisa ƙarfin hujja da ladabin amsa tambaya, ko da alƙalai ba su ba yaro gaskiya ba.

Daɗa ba sai an je Turai neman tushen wannan ladabi ba. Duk wanda ya taɓa zama kotun alƙali a ƙasar Hausa ya san mai da'awa ke kawo shaida, ya kuma san i'izari, watau tambayar da alƙali kan yi kafin ya yanke hukunci, ko akwai sauran magana ko wata hujja. Littafin Tuhfa na Ibn Asim, wanda alƙalan Malikiyya ke dogara da shi, ya yi bayaninsa, kotunan ɗaukaka ƙara kuma sun sha rushe hukunci don an tsallake shi. A Heg ma sashe na 67 ya ba wanda ake tuhuma damar yin magana da bakinsa ba tare da rantsuwa ba, Ongwen kuwa ya yi haka a Afrilun 2021 kafin a faɗi tsawon ɗaurinsa. Don haka a kotun gwaji a sa yaro guda ya zauna a matsayin wanda ake tuhuma tun daga farko. In lauyoyi sun gama, shugaban alƙalai ya juya wajensa ya yi masa i'izari, a ba shi minti uku, sa'an nan alƙalai su fita shawara.