Zaɓen Fulogin da Ya Dace da Inji: Kira ga Direbobi da Kanikawan Boɗinga da Shagari

 

Gabatarwa

Babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga da Shagari, ta wuce Tambuwal zuwa Jega, a kanta ne abincin dubban magidanta yake: direban haya, ɗan kabu-kabu, mai dakon albasa da bakaniken bakin titi. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kowannensu ya koma lissafin abin da injinsa ke sha. Sai dai da yawa suna neman ɓarnar a gidan mai, alhali wani kaso nata yana cikin ɗan ƙarfen da ake saye ba tare da an duba lambarsa ba, wato fulogi. Abin da wannan takarda take son tabbatarwa shi ne, inji ne ke zaɓen fuloginsa, kuma maƙerin injin ya riga ya rubuta zaɓin. Namu mu karanta mu bi.

Aikin fulogi da abin da ya sauya

Kwayil yana tura wutar da ke kaiwa bolt 10,000 zuwa 30,000, ta tsallaka 'yar tazarar da ke bakin fulogi, tartsatsin ya kunna cakuɗar fetur da iska, fashewar ta danna fistin ƙasa. In inji yana juyi 3,000 a minti, kowane fulogi yana tartsatsi sau 25 a daƙiƙa ɗaya. Duk tartsatsin da ya kuskure, fetur ne ya fita ta salansa bai yi aikin komai ba. A mota mai silinda huɗu, mutuwar fulogi guda na nufin kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin injin ya tafi, mai kuwa yana ci gaba da zuba.

A shekarun mulkin Alhaji Shehu Shagari, 1979 zuwa 1983, Fijo 504 da ake harhaɗawa a Kaduna tana cikin motocin da suka cika hanyoyinmu. Injinta mai kafireto ne, mai haƙuri, fuloginta kuwa sananne ne ga kowane yaron gareji. Yau tashoshinmu cike suke da Golf, Sharan, Corolla da Honda, masu injekta da kwamfutar da ke auna mai da lokacin tartsatsi. Wasu ma kowane fulogi da kwayil ɗinsa a kansa. Motoci sun sauya, amma al'adar a ce "ba ni fulogi huɗu" ba tare da ambaton lamba ba tana nan.

Abubuwan da ake dubawa

Na farko shi ne kaurin tiredi. Yawancin motoci na amfani da milimita 14, sababbin injuna da dama 12, ƙananan babura kuma 10 ko 12. Na biyu tsawon tiredin, wanda ya kan kasance milimita 12.7 ko 19 ko 26.5. A nan ake yin mummunar asara, domin fulogi mai tsawon da bai dace ba yana iya ɗauruwa lafiya, mota ma ta tashi. In ya gajarta, tartsatsin yana faruwa a cikin rami, ƙuna ba ta cika, baƙi kuma ya toshe ragowar tiredin. In ya zarce, bakinsa yana ɗaukar zafi fiye da kima, yana ma iya karo da fistin.

Na uku shi ne ma'aunin zafi, kuma shi ne aka fi jahilta. Ana son bakin fulogi ya zauna tsakanin digiri 500 da 800 a ma'aunin Selsiyos. Ƙasa da haka baƙi na taruwa har wuta ta ƙi tsallakawa. Sama da haka bakin yana yin ja ya kunna mai kafin lokaci, abin da ke iya huda fistin. Kowane kamfani da yadda yake ƙidayarsa: a NGK da Denso, hawan lamba na nufin fulogin ya fi saurin fitar da zafi, a Bosch da Champion kuwa akasin haka ne. Don haka 6 ta wannan kamfani ba 6 ta wancan ba ce, sai an duba jadawalin musaya. Akwai masu cewa tunda zafin Sakkwato yana haura digiri 40 a watan Afrilu, dole a sa fulogi mai sanyi. Wannan kuskure ne. Zafin da ke cikin silinda lokacin ƙuna ya haura digiri 2,000, saboda haka ranar waje ba ita ke yanke hukunci ba.

Na huɗu tazarar baki, wadda yawanci take tsakanin milimita 0.6 da 1.1. In ta yi faɗi, kwayil na wahala har ya ƙone. In ta matse, tartsatsin ba ya da ƙarfi. Masu mayar da motocinsu ga iskar gas ta CNG su lura cewa gas ya fi fetur wuyar kamawa, galibi yana buƙatar a ɗan rage tazarar bisa umarnin masu haɗa na'urar.

Duk waɗannan suna rubuce a jikin fulogi. Mu ɗauki BKR6E-11 ta NGK. B na nufin tiredi milimita 14, K na nufin sifana mai lamba 16, R na nuna akwai abin da ke hana tartsatsi dagula rediyo da kwamfutar mota, 6 ma'aunin zafi ne, E tsawon milimita 19, 11 kuma tazarar milimita 1.1. Duk motar da ke da kwamfuta tana buƙatar fulogi mai wannan kariya. Haka injin ban ruwa na Honda GX160 da ire-irensa, da manoman rani ke dogaro da su a fadamu da gefen madatsar ruwa ta Shagari, lambar fuloginsa BPR6ES ce. Bai dace a cusa masa duk wanda aka tsinta a akwatin gareji ba.

Ƙarfen baki da matsalar jabu

Fulogi na gama-gari mai bakin nikel yana yin kilomita 20,000 zuwa 30,000. Mai bakin filatinam ko iridiyam yana daɗewa sosai, wasu har kilomita 100,000, domin iridiyam ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 2,400. Motar da aka ƙera da iridiyam a mayar mata da shi. Tsohuwar mota mai kafireto, ko wadda ke shan baƙin mai, ba ta da ribar da za ta ci daga mai tsada, domin datti zai kashe shi tun bai ci ba.

Tsadar iridiyam ce ta sa masu jabu suka fi kwaikwayonsa. Alamominsu sun haɗa da rubutun da ke gogewa da yatsa, tiredi mai kaushi, wosha mai zamewa ta faɗi, da tsinin da ya yi kauri, alhali na ainihi siriri ne ƙwarai. Babbar alama kuwa farashi ne da ya faɗi ƙasa warwas. Hausawa sun ce araha ba ta ado, a nan kuwa tana iya jawo sauke inji.

Karanta tsohon fulogi

Kafin a jefar da tsohon fulogi, a dube shi da kyau. In bakinsa ruwan ƙasa ne ko toka-toka, inji lafiya yake. Baƙi busasshe na nuna mai ya fi iska yawa, kuma a lokacin hunturu matatar iskar da ƙura ta toshe ce kan gaba wajen jawo haka. Cire tamostat, wanda ya zama ruwan dare a garejojinmu, shi ma yana jawo shi, domin kwamfuta na ganin inji bai ɗumama ba sai ta ci gaba da ƙara mai. Baƙi mai maiƙo na nuna ringi ko robobin bawul sun ci. Fari fat mai ƙuraje na nuna zafi ya wuce iyaka. A duk waɗannan, sabon fulogi zai lafar da ciwon na 'yan makonni ne kawai, sai an gyara tushen.

Wajen ɗaurawa, a bar inji ya huce, a hure ƙasar da ke ramin, a fara murzawa da hannu har ya zauna, sannan a ƙara rabin juyi da sifana in sabo ne mai wosha. Kan injunan yanzu na alminiyam ne, ƙarfin tuwo yana cinye tiredinsa.

Shawarwari

Ina kira ga kowane direba ya rubuta lambar fulogin motarsa, daga littafin mota ko jadawalin kamfani, ya ajiye tare da takardunsa, ya kuma sauya duk fulogin motar a lokaci guda. Masu gareji su tanadi ma'aunin tazara, su koya wa yaransu karanta lamba tun kafin su ba su sifana. Masu shago su riƙa tambayar irin mota da shekararta da lambar injinta, su ba da rasit, su kuma faɗi gaskiyar abin da ke hannunsu, domin Musulunci ya haramta algus a ciniki. Ƙungiyoyin direbobi (NURTW) da kanikawa (NATA) na ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari su nemi haɗin kan Kwalejin Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi don shirya bita, su kuma kai rahoton kayan jabu ga hukumar kula da ingancin kaya, SON.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar jiran kasafin gwamnati. Ina roƙon kowannenmu ya fara da motar farko da za ta shigo hannunsa gobe, ya duba lambar kafin ya ɗaura.