Sautin Kewaye a Falon Gida: Abin da Za a Saya da Inda Za a Ajiye Shi



Wannan takarda ta ginu ne a kan abu guda: da yawa daga cikin waɗanda suka zuba kuɗi suka sayi na'urar sautin kewaye ba su taɓa jin sautin ya kewaye su ba. An kawo kwali an fasa, ga lasifika biyar, ga wufa ɗaya. Sai a jera su gaba ɗaya a kan teburin talabijin, ko don wayoyin sun yi gajarta, ko don ba a so waya ta ratsa tsakiyar falo. Sauti na tashi har gilashin taga na kaɗawa, amma jirgin da ya kamata ya taso daga bayan mai kallo ya bi ta gefen kunnensa yana nan maƙale a gaba, tare da muryar jarumi da kiɗa da komai. Wurin ajiye lasifika da yanayin ɗakin sun fi tsadar na'urar tasiri a kan abin da kunne zai ji.

Masu shirya fim sun daɗe suna bin wannan buri. A 1940 kamfanin Disney ya fitar da Fantasia da tsarin da ya kira Fantasound, amma tsadar kayan ta sa gidajen sinima ƙalilan ne suka iya girka shi. Star Wars na 1977 ne ya yayata Dolby Stereo, inda aka cusa hanyoyin sauti huɗu cikin biyu: hagu, tsakiya, dama da baya. A 1979 mai haɗa sauti Walter Murch ya raba sautin baya gida biyu a fim ɗin Apocalypse Now, domin jiragen masu saukar ungulu su riƙa zagaya 'yan kallo. Dolby Digital ya zo da Batman Returns a 1992, DTS ya biyo baya da Jurassic Park a 1993, sannan Dolby Atmos ya bayyana a 2012 da fim ɗin Brave. Bambancin Atmos shi ne, mai haɗa sauti ba ya cewa "wannan ƙara ta fita ta lasifikar hagu". Yana ba ƙarar wuri ne a cikin sarari, har da sama, na'urar gida kuma ta lissafa lasifikar da za ta fitar da ita gwargwadon waɗanda aka girka.

Lambobin da ke jikin kwali ba su da wuyar fahimta. A 5.1, biyar ɗin su ne hagu, tsakiya, dama, da biyu na gefe. Ɗayan kuma wufa ce mai fitar da sauti mai kauri. A 7.1 an ƙara biyu a baya. Idan aka ga lamba ta uku, kamar 5.1.2, tana nufin lasifikun sama.

Tambayar farko da mai saye zai yi wa kansa ita ce: ina kujerar take? A yawancin falukanmu kujerun kushin suna jingine da bango, an bar tsakiya fili domin baƙi da zaman iyali. Mai irin wannan falo idan ya sayi 7.1 ya yi asarar lasifika biyu, domin ba shi da bayan da zai sa su. Tsarin 5.1 da aka girka daidai ya fi masa sau goma.

Ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, ta fitar da ƙa'idar da ake kira BS.775, kuma ita masu haɗa sauti ke bi a ɗakunan aikinsu. Lasifikar tsakiya tana fuskantar mai sauraro kai tsaye. Ta hagu da ta dama kowace ta karkata digiri 30 daga tsakiya. Na gefe suna tsakanin digiri 100 zuwa 120, wato daidai kafaɗa, su ɗan ja baya kaɗan. Ba sai an nemo ma'aunin kusurwa ba. Igiya ma ta isa. A auna daga kujera zuwa lasifikar hagu, a tabbatar tazarar ta yi daidai da wadda ke tsakanin kujera da ta dama, ta kuma yi daidai da tazarar da ke tsakanin lasifikun biyu. Na gaba su kasance daidai tsayin kunnen wanda ke zaune, na gefe kuma a ɗaga su sama da kai kaɗan, musamman idan kujerar na manne da bango, don kada su riƙa huda kunnen wanda ya zauna a ƙarshen kujera.

Lasifikar tsakiya ita aka fi wulaƙantawa, alhali kusan duk maganar da ke cikin fim ta nan take fita. Sau da yawa akan tura ta can cikin kabad, a rufe da gilashi, ko a ɗora mata furen roba. Daga nan sai a fara ƙorafin cewa ba a jin magana sai an ƙure murya, da an yi harbi kuma gida ya ɗauka. A jawo ta bakin teburin, a ɗan ɗaga gabanta ta kalli fuskar mai zaune. Idan har yanzu magana na nutsewa, a ƙara mata desibel biyu ko uku a saitin na'ura, a bar sauran yadda suke. Duk wanda kuɗinsa bai kai ya sayi komai mai kyau ba, ya fara da ukun gaba, sauran su jira.

Wufa tana da halinta daban. Ƙasa da haz 80 kunne ba ya iya tantance inda sauti ke fitowa sosai, shi ya sa ake iya ajiye ta a wurare da dama. Sai dai tsawon igiyar sauti a haz 80 ya haura mita huɗu, kusan faɗin falo ke nan, don haka tana dukan bango ta dawo ta haɗu da kanta. A wani wuri ta ninka ƙarfi har ƙirji ya ɗauka, taku biyu daga nan kuma ta ɓace ɗif. Masu sana'ar suna da dabara mai sauƙi: a ɗora wufar a kan kujerar da ake zama, a kunna kiɗa mai kauri, mutum ya durƙusa ya bi gefen bango yana saurare. Inda ya ji kaurin ya fito sumul, babu gurnani, nan ne mazauninta. Bayan haka a shiga saiti a sa dukkan lasifiku a kan zaɓin da aka rubuta Small, a tsayar da mahaɗar sautinsu da na wufa a haz 80, adadin da kamfanin THX ya yayata. Wannan yana sauke wa ƙananan lasifiku nauyin da ba za su iya ɗauka ba.

Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, don haka bambancin mita ɗaya tsakanin lasifika biyu yana sa ɗaya ta riga ɗaya isa kunne da kusan kashi uku cikin dubu na daƙiƙa. Ƙwaƙwalwa na lura da wannan, sai ta ja sautin zuwa ɓangaren da ya fara isowa. Na'urorin Denon da Marantz suna zuwa da Audyssey, na Yamaha da YPAO, na Pioneer da MCACC; duka suna amfani da ƙaramin makirfo su auna tazara da ƙarfin kowace lasifika domin gyara wannan bambanci. A sa makirfon daidai inda kai yake kasancewa, ba a kan hannun kujera ba. A kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki, kuma kada a yi awon lokacin da janareta ke ruri a tsakar gida, domin makirfon zai ɗauki rurin a matsayin halin ɗakin.

Shi kansa ɗakin yana da nasa baki. Tayil a ƙasa, siminti a bango, gilashi a taga: babu abin da ke shanye sauti. Mutum ya tsaya a tsakiyar falo ya tafa sau ɗaya. Idan ya ji wani ƙarfe-ƙarfe na bin tafin, ɗakin na buƙatar kafet mai kauri tsakanin talabijin da kujera, da labule mai nauyi. Wannan gyara sau da yawa ya fi sauya amfilifaya amfani. Sandar sauti mai Atmos kuwa, wadda ke harba sauti sama ya dawo, tana son rufi shimfiɗaɗɗe wanda bai yi tsayi ainun ba. Silin mai hawa-hawa da ado da fanka a tsakiya yana watsa sautin ne kawai.

A wajen saye, kada lambar wat da aka rubuta da manyan baƙaƙe tare da PMPO ta ruɗi kowa. RMS ake dubawa. Kayan da aka yi domin kasuwar Amurka suna aiki da bolt 120, wutar Najeriya da Nijar kuma ta kai 220 zuwa 230, don haka na hannu da aka shigo da su sai an duba bayansu kafin a jona. Waya ma tana da iyaka. Ta haske ba ta ɗaukar fiye da 5.1 da aka matse. HDMI mai ARC, wanda ya zo a 2009, ya sauƙaƙa haɗi, amma eARC na 2017 ne ke ɗaukar cikakken sauti irin na faifan Blu-ray. Sannan a tambayi kai me ake kallo. Mafi yawan abin da ke YouTube, har da finafinan Hausa masu dogon zango, da hanya biyu aka haɗa sautinsu, kuma lasifika goma ba za su ƙirƙiro abin da ba a naɗa ba.

Wasan bidiyo lamarinsa daban ne. Sautin fim an riga an haɗa shi. Na wasa kuwa a take ake lissafa shi, duk lokacin da ɗan wasa ya juya. Takun abokin gaba a bayan ƙofa ko a bene na sama labari ne da ke raba ci da faɗuwa. A nan hedifon mai kyau yakan doke lasifiku biyar da aka girka ba daidai ba. Dalili kuwa, mutum da kunne biyu yake gane hagu da dama da sama da ƙasa da baya, ta hanyar ɗan jinkirin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba tsakanin kunnuwan, da yadda kai da lanƙwasar kunne ke sauya sautin. Injiniyoyi sun auna wannan, suna kwaikwayonsa da lissafin da ake kira HRTF. Shi ne ginshiƙin Tempest na PlayStation 5 da Sony ta fitar a 2020, wanda ke ba mutum zaɓi ya gwada ya ɗauki wanda ya dace da kunnensa. Xbox da kwamfuta suna da Windows Sonic kyauta, da Dolby Atmos da DTS na biya. Wanda ya buga Hellblade: Senua's Sacrifice na 2017 da hedifon ya san yadda muryoyi ke raɗa masa a ƙeya.

Kuskure biyu ne suka fi yawa a nan. Na farko, kunna sautin kewaye a wuri biyu lokaci guda, a cikin wasan da kuma a manhajar hedifon; lissafi kan lissafi yana dagula alƙibla, sai a zaɓi ɗaya. Na biyu Bluetooth, wanda jinkirinsa kan kai kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. Masu buga PUBG Mobile da Call of Duty a waya sun san haushin jin harbi bayan an riga an faɗi. Hedifon mai waya, ko mai ɗan makullin USB nasa, shi ne mafita. Wanda ya haɗa na'urar wasa da amfilifaya kuma ya zaɓi Linear PCM, domin ba ya buƙatar matsewa da warwarewa.

Saura batun lafiyar kunne, wanda mai wannan takarda ke ganin bai kamata a kammala ba a faɗe shi ba. Ma'aunin sinima yana barin kowace lasifika ta kai desibel 105 a ƙololuwa, abin da bai dace da falo mai yara ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya wuce desibel 80 na tsawon awa 40 a mako, yaro kuma desibel 75, kuma duk ƙarin desibel uku yana rage lokacin da rabi. Matashin da ya kwana da hedifon a ƙure zai iya cinye rabonsa na mako a dare ɗaya. Kusan kowace na'ura tana da saitin dare da ke rage tazara tsakanin raɗa da fashewa, ta yadda za a ji magana sarai ba tare da an ƙure murya ba, kuma wayoyin iPhone da wasu na Android suna da wurin ƙayyade iyakar ƙarar hedifon, wanda iyaye za su iya saitawa da kansu.