Rumbun Darasi a Cikin Makaranta: Koyarwa da Bidiyo Ba Tare da Intanet Ba

Jawabin da kwamitin ilimi na reshenmu ya gabatar a taron ƙarshen zangon karatu

 Muna yi wa Allah godiya da ya nuna mana ƙarshen wannan zango lafiya, muna kuma gode muku da kuka ba wannan kwamiti dama ya faɗi abin da ya gano a kan aikin da kuka ɗora masa.

A taron da ya gabata an kawo kuka iri ɗaya daga makarantu da dama. Malamin kimiyya yana son ɗalibansa su ga yadda zuciya ke harba jini, malamar Turanci tana son yara su ji lafazi daga bakin masu harshen, amma duk sanda aka tashi yin haka sai malami ya sayi data da kuɗin albashinsa, ya ɗaga wayarsa a gaban aji mai yara fiye da sittin, hoton kuma ya tsaya yana juyawa har a buga ƙararrawa. An umarce mu da mu binciko ko akwai mafita. Amsar da muka dawo da ita ita ce akwai, kuma yawancin kayan aikin suna hannunmu tun tuni.

Kafin mu shiga bayani, ya dace mu tuna dalilin da ya sa bai kamata darasinmu ya rataya a kan intanet kaɗai ba. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan sadarwa a jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, daga baya aka haɗa da wasu ƙananan hukumomi na Katsina da Sakkwato da Kaduna, mutane suka yi makonni ba kira ba saƙo. A watan Maris na 2024 wasu manyan wayoyin intanet da ke ƙarƙashin teku a gaɓar Afirka ta Yamma suka samu matsala, ƙasashe da dama suka shiga ƙunci. A watan Janairu na 2025 kuma hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da abin da ya kai kashi 50 cikin ɗari. Wanda ya gina koyarwarsa a kan abin da zai iya yankewa ko ya yi tsada dare ɗaya, ya san bai gina ta a kan dutse ba.

To mece ce mafitar? Da yawa daga cikinmu mun ɗauka Wi-Fi da intanet abu ɗaya ne, alhali kuwa abubuwa biyu ne daban. Wi-Fi hanya ce kawai da na'urori ke magana da junansu ta iska a wuri ɗaya, kamar yadda Xender ke tura fim daga waya zuwa waya ba tare da an taɓa data ba. Idan aka samu kwamfuta guda aka zuba mata bidiyo da littattafai da sautuka, aka haɗa ta da na'urar raba Wi-Fi da ake kira rauta, to duk wayar da ta shiga wannan rautar za ta iya kallon abin da ke cikin kwamfutar kai tsaye, ba sai ta sauke shi ya cika mata memori ba. Masana suna kiran irin wannan kwamfuta saba. Mu a kwamiti mun fi son mu kira ta rumbu, domin aikinta ke nan: a tara da kaka, a ci da bazara. Rautar ba ta buƙatar layin waya. Abin da take yi shi ne ta ba kowace na'ura lambar adireshi, kamar 192.168.1.10, sai malami ya rubuta adireshin rumbun a burauzar wayarsa, shafin darussa ya buɗe.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Wani Ba'amurke mai suna Cliff Missen ya koyar a Jami'ar Jos a 1999, ya ga wahalar da malamai da ɗalibai ke sha wajen samun intanet. Da ya koma Jami'ar Iowa sai shi da abokan aikinsa suka fara tara miliyoyin takardu da shafuka a kan faifan ajiya guda, suna aika wa jami'o'in Afirka domin a karanta ta hanyar sadarwar cikin gida. Sunan da suka ba shi eGranary, wato rumbun hatsi na lantarki. Abin da ya canza daga wancan lokaci zuwa yau shi ne kayan sun yi arha kuma sun ƙanƙance. A 2012 wata gidauniya a Ingila ta fitar da kwamfutar Raspberry Pi, wadda ba ta wuce tafin hannu ba, a kan dala 35. Amma ba sai an saye ta ba. Tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka da ke kulle a sito tana iya zama rumbu, har ta fi ta wani ɓangare, tunda tana da batirinta idan an ɗauke wuta.

Manhajojin da ake buƙata kyauta ne, kuma uku muka fi nazari a kansu. Ta farko ita ce Kolibri, wadda ƙungiyar Learning Equality ta Amurka ta fitar a 2017 musamman domin makarantun da ba su da intanet. A cikinta ana iya zuba darussan lissafi da kimiyya na Khan Academy, da gwaje-gwajen PhET da ɗalibi ke motsawa da hannunsa, da littattafan yara na African Storybook, waɗanda akwai na Hausa a cikinsu. Malami yana iya buɗe aji, ya ware darasi, ya ba da gwaji, ya ga wanda ya yi da wanda bai yi ba. Ta biyu ita ce Kiwix, wadda ke ba da damar ajiye Wikipedia ɗungurungum a karanta ba intanet. Ta Turanci mai hotuna tana cin wajen gigabait 100, ta Hausa kuwa wurin da take ci kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta. Ta uku ita ce Jellyfin, wadda aka fara a ƙarshen 2018, tana jera bidiyo da sauti cikin tsari, kowane fanni da akwatinsa. Mun fifita ta a kan Plex domin Plex a tsarinta na asali tana neman a shiga da asusu ta intanet, ita kuwa Jellyfin ba ta dogara da kowa a waje ba.

Sau ɗaya ake buƙatar intanet, wato ranar da za a cika rumbun farko. Daga nan makaranta ta biyu za ta kwafa daga ta farko da faifan ajiya, ta uku ta kwafa daga ta biyu. Mu ɗauka bidiyon darasi guda yana da nauyin megabait 100. Idan malamai 40 kowa ya sauke da datarsa, an kashe megabait 4,000 a kan abu ɗaya. Idan aka zuba shi a rumbu, megabait 100 ne kawai, kuma za a kalle shi bana da baɗi. Batun wuta ma bai kai yadda ake tsoro ba. Ƙaramar kwamfutar da rauta, a haɗe, ba sa cin fiye da wat 20. Aiki na awa shida ke nan wat-awa 120, abin da farantin sola mai wat 50 da ɗan matsakaicin batir za su ɗauka. Talabijin ko majigi ne ke cin wuta da yawa, shi ya kamata a yi wa lissafi daban.

Mun gwada wannan a ɗaya daga cikin makarantun reshenmu, kuma ba za mu ɓoye muku tuntuɓen da muka yi ba. Ranar farko wayoyi suka ƙi buɗe shafin, ashe da waya ta ga Wi-Fi ɗin ba shi da intanet sai ta koma kan data a ɓoye. Maganin shi ne a kashe data tukuna. Bayan kwana biyu adireshin rumbun ya canza da kansa, sai da muka saita rautar ta riƙe masa lamba ɗaya dindindin. Mun kuma lura cewa ƙaramar rauta tana sarƙewa idan wayoyi da yawa suna kallo a lokaci guda, kuma bangon bulo yana rage mata zango, don haka aka rataye ta a sama a baranda, aka kuma rage nauyin bidiyo zuwa MP4 mai matsakaicin haske. Ƙurar hunturu da zafin bazara abokan gabar kwamfuta ne, dole a sama mata wuri mai iska a riƙa share ta. Faifan ajiya kuma yana mutuwa ba sallama, saboda haka duk abin da ke cikin rumbu ya kasance yana da kwafi na biyu a wani wuri.

Mun san yawancin ɗalibanmu ba su da waya, makarantu da yawa ma sun hana shigowa da ita, kuma muna ganin hikimar hanin. Don haka masu cin moriyar farko su ne malamai: a ɗakin malamai mu kalli darasi mu shirya, a aji kuma mu nuna wa yara a talabijin guda. Ga iyalanmu da ke zaune a nan, wannan tsari yana aiki a gida kamar yadda yake aiki a makaranta. Uba ko uwa za su zaɓi abin da zai shiga rumbu, karatun Alƙur'ani ne, ko darasin lissafi, ko tatsuniya, yaro kuma ba zai ga abin da ba a zuba ba. Sai dai akwai amana. Kada rumbun makaranta ya koma shagon tura finafinan sata. Dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 tana nan, kuma mu da muke kukan a biya mu haƙƙin guminmu bai dace mu ci gumin marubuta da 'yan fim ba. A zuba abin da masu shi suka ba da izini, da abin da mu kanmu muka shirya.

A nan ne babban aikin yake. Yawancin bidiyon da muka ambata da Turanci suke, an kuma shirya su ne domin manhajar wasu ƙasashe. Ɗan aji uku na firamare a ƙauyenmu yana buƙatar wanda zai yi masa bayanin kasafi da Hausa, da misalin goro ko ƙosai. Ba wanda zai yi wannan sai mu. A cikin wannan zaure akwai malaman da suka shekara talatin suna koyar da abu ɗaya har suka gano hanyar da yara suka fi ganewa, kuma ranar da suka yi ritaya hanyar za ta tafi tare da su. Waya guda, allo, da minti goma sun isa a adana ta. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Saboda haka kwamiti yana gabatar wa reshe shawarwari huɗu. Na farko, kowane shugaban makaranta ya ba da lissafin kwamfutocin da ke ajiye a sito, masu aiki da matattu, kafin a koma hutu. Na biyu, reshe ya rubuta wa hukumar ilimi da kwamitocin kula da makarantu cewa kuɗin rauta da batir da gyara su fito daga kasafin makaranta, kada a sake barin su a aljihun malami. Na uku, a horar da malamai biyu a kowace makaranta, mace da namiji inda hali ya yi, a rage musu darussa gwargwadon wannan nauyi, kuma idan an yi wa ɗaya canjin wurin aiki ya miƙa kalmomin sirri a rubuce kafin ya tafi. Na huɗu, wanda muka fi ba muhimmanci, a rubuta a fili cewa darasin da malami ya ɗauka yana ɗauke da sunansa, ba a ɗaukarsa sai da yardarsa, ba a nuna fuskar ɗalibi sai da izinin iyaye, kuma ba za a taɓa kafa hujja da bidiyo a ƙi ɗaukar malamin da makaranta ke buƙata ba. Bidiyo ba ya ganin yaron da ya zo aji da yunwa, ba ya amsa tambayar yarinyar da ta ɗaga hannu.

Muna roƙon duk mai tsohuwar kwamfuta ko rauta da ba ya amfani da ita, da duk malamin da ya yarda a ɗauki darasinsa, ya ba sakataren reshe sunansa kafin a tashi daga wannan taro.