Lalurar Tara Kaya da Hanyoyin Taimakon Masu Ita a Ƙasar Damagaram

Lalurar tara kaya hali ne da mutum yake kasa rabuwa da abin da ya mallaka, mai amfani ne ko marar amfani, har kayan su cinye wurin da aka yi domin zama. Gado ya cika da ƙunshe-ƙunshe, madafa ta toshe, zaure ya zama sai a karkace ake wucewa. Nauyinta na gaske yana cikin zuciya: duk lokacin da aka ce a fitar da wani abu, ko da tsohon gwangwanin tumatir ne, mai ita yakan ji ƙunci mai tsanani. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta ware ta a matsayin cuta mai zaman kanta a 2013, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sa ta cikin kundin cututtukanta na goma sha ɗaya wanda ya fara aiki a 2022. Kafin nan ana ɗaukar ta reshe ne na ciwon waswasi. Binciken da aka tattara a 2019 daga ƙasashe masu arziki ya nuna tana kama kusan kashi 2.5 cikin ɗari na manya, wato mutum ɗaya cikin arba'in.

A Damagaram gane ta yana da wuya, domin ajiya a nan hankali ce da aka saya da tsada. Ƙasar ta ga yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, ta ga farin 1973 da na 1984, ta kuma ga ƙarancin abinci na 2005. Birnin Zinder ya daɗe da sanin wahalar ruwa, don haka gidan da ya jera jarkoki da randuna bai yi abin mamaki ba. Tun zamanin Sarki Tanimu, lokacin da ayarin Sahara ke sauka a unguwar Zango, gidan attajiri gida ne na ɗakunan ajiya. Jeren kwalla da tasoshi da samiru a ɗakin mace kuwa dukiyarta ce da mutuncinta, ana wankewa, ana gogewa, ranar buƙata a sayar da wasu, ranar auren ɗiya a ɗebi wasu. Duk waɗannan ba cuta ba ne, kuma wanda ya kira su cuta bai san ƙasar ba. Abin da ke raba tanadi da lalura shi ne ko mai kayan ya san abin da yake da shi da inda yake, ko ɗakin yana yin aikin da aka gina shi dominsa, da kuma ko kayan suna fita idan lokacinsu ya yi. Rumbu ana cika shi da kaka ana ɗiba da bazara. Ɗakin mai lalura shiga kawai ya sani.

Alamominta sukan fara tun mutum yana shekara 11 zuwa 15, amma iyaye da ƙuncin wuri sukan danne su. Tana ƙaruwa da shekaru, shi ya sa aka fi ganin ta ga tsofaffi, musamman waɗanda ƴaƴa suka watse suka bar su da ɗakuna. Nazarin tagwaye ya nuna gado yana da kaso kusan rabi a cikinta, sau da yawa kuma takan tsananta bayan babban rashi: mutuwar miji, saki, gobara, karyewar jari. Masu bincike Randy Frost da Tamara Hartl sun bayyana yadda take aiki a 1996. Mai ita yana wahalar yanke shawara da rarraba abubuwa gida-gida, yana ƙulla zumunci da kaya kamar masu rai, yana kuma tsoron ɓarna fiye da kima. Maganganunsa sanannu ne a kowace unguwa: "wata rana zai yi amfani", "ba a zubar da arziki", "wannan na marigayi ne". Kusan rabin masu ita suna fama da ciwon damuwa. Ya kamata a bambanta ta da tsince-tsincen bola da ke zuwa tare da taɓin hankali ko gigin tsufa, domin maganin waɗannan daban ne.

Akwai kuma wani hali makusanci, wato rashin tsari mai daɗewa, wanda Judith Kolberg ta kafa ƙungiyar nazarinsa a Amurka a 1990. Mai wannan ba ya ƙin rabuwa da kaya, tsarin ne ya gagare shi tun ƙuruciya: takardar fili ta ɓace, katin asibitin yaro ba ya samuwa, ɗan tireda ya sayo abin da yake da shi a ƙasan kwali. Sau da yawa yana tafiya da matsalar tattara hankali. Taimakonsa ya fi sauƙi: wuri ɗaya ga kowane abu, akwati ɗaya na takardu, da mutumin da zai zauna kusa yayin da yake aikin.

Haɗarin cunkoso a gidan ƙasa ya fi na gidan siminti. Kayan da aka jingina da bango suna ɓoye tsagewa da gara, su riƙe danshi, su hana yaɓe kafin damina. Ruwan 2024 da ya rushe tsohon masallacin unguwar Birni a Zinder, ginin tsakiyar ƙarni na 19, a farkon watan Satumba, ya nuna wa kowa abin da ruwa ke yi wa ginin ƙasa. Gwangwanaye da tsofaffin tayoyi suna tara ruwan sauro, tsummokara suna tara ɓeraye da kunamu. Da hunturu kuma kaskon wuta kusa da tarin leda da katifa, ko kwalaben fetur a ɗaki mai ƙofa ɗaya, ya isa ya ci rai. Misalin da duniya ta fi sani shi ne na ƴan'uwa biyu, Homer da Langley Collyer, da aka samu gawarsu a gidansu na birnin New York a 1947 cikin kaya sama da tan ɗari. Ɓarnar da ta fi yawa dai ba ta kai ga haka ba, kunya ce. Mutum ya daina karɓar baƙi, a kai sunan jikansa wani gida, abokan zama su yi ta rigima kan tsakar gida, zumunci ya yi sanyi.

Kuskuren da dangi suka fi yi shi ne sharar dole. A jira tsohuwa ta tafi biki Mirya ko Magarya, a kira amalanke a kwashe. Niyyar mai kyau ce, sakamakon mummuna ne. Ta dawo ta ga an yi mata abin da a wurinta sata ce, amana ta karye, ɗakin kuma ya sake cika cikin ƴan watanni, domin abin da ya cika shi yana nan. Kwashewa ba da yardar mai kaya ba tana da hujja ne kawai idan rai yana cikin haɗari na kusa.

Maganin da aka fi gwadawa shi ne na gyaran tunani da ɗabi'a, wanda Frost da Gail Steketee suka tsara a kan zama kusan 26, wasu a asibiti wasu a cikin gidan. Ana fara auna cunkoso da jerin hotuna tara na ɗaki, daga tsaf zuwa cike, mai lalurar ya nuna wanda ya yi kama da nasa. Sannan a koya masa ratsa kasuwa ba tare da saye ko tsinta ba, a fara fitarwa daga abin da ya fi sauƙi, shi da hannunsa, ya zauna da ƙuncin har ya ga yana raguwa. Mai taimako ba ya taɓa kome sai da izini. Yawanci suna samun sauƙi, amma waɗanda suke kaiwa ga warkewa sosai ba su kai rabi ba, kuma faɗin wannan gaskiya ga dangi tun farko yana hana su fushi. Babu ƙwayar da aka tabbatar domin wannan lalura ita kaɗai, sai dai maganin damuwa yana taimaka wa mai damuwar. Zaman ƙungiya na masu lalurar, bisa littafin da David Tolin da Frost da Steketee suka fitar a 2007, ya ba da sakamako mai kyau da kuɗi kaɗan.

A Damagaram aikin likita shi ne tantancewa, a Asibitin Ƙasa na Zinder ko ta hannun ma'aikacin asibitin unguwa, sauran aikin kuwa na gida ne. A zaɓi mutum ɗaya da mai lalurar ya yarda da shi, ya riƙa zuwa rana ɗaya a mako na sa'a guda. Ɗiyar da ta ce "Inna, cikin kwanukan nan uku wanne za mu kai wa marayun maƙwabta?" ta fi wadda ta ce "Inna, duk wannan shara ce" samun biyan buƙata. Idan an ƙi rage kaya, a nemi yarda kan abin da ke tsare rai: hanya daga gado zuwa ƙofa, wuta nesa da kaya, bango a buɗe. Tun da tsoron ɓarna ne tushen, kowane abu a nuna masa inda za shi: sutura ga sadaka, kwanuka ga dillaliya ko Kasuwar Dole, ƙarafa ga masu sayen ƙarfe. Malamin unguwa yana da rawa a nan, wajen bayyana cewa abin da aka bar wa gara shi ma ɓarna ne, da wajen raba gadon da aka kulle a ɗaki shekaru.

Takardu suna buƙatar kulawa ta musamman. Mutane da yawa suna tara duk takarda mai rubutun Larabci domin tsoron wulaƙanta sunan Allah, kuma malamai sun san hanyar ƙonawa ko binnewa cikin girmamawa. Kafin haka sai wanda ya iya karatu ya duba, domin a gidajen malamai na Birni ana iya samun tsofaffin rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami a cikin tarin, irin waɗanda sashen adana su na cibiyar bincike ta IRSH a Yamai yake tattarawa. Bayan an buɗe ɗaki, ziyarar mako-mako tana ci gaba, sai a rage ta zuwa wata-wata, a kuma sake duba bango da rufi kowace shekara kafin ruwan farko.